Yadda Malam Kolo Ya Kai wa Ikko Bargo

Shekarar da soja suka koma bariki suka bar wa masu babbar riga mulki, a unguwarmu ta Soron Ɗinki har akuya sai da ta ji ƙanshin siyasa. An yi zaɓen sama an gama, amma ƙaiƙayinsa bai saki mutane ba. Sai aka ce to, tunda zamani ya zo da ƙuri'a, ƙungiyar unguwa ma, wadda aikinta yasar kwata da bin sawun famfon da aka yi mana alkawari tun ina saurayi, a daina naɗa mata shugaba a zaure. A fito fili, kowa ya tsaya a bayan wanda yake so, a ƙirga. Aka sa rana: Asabar ɗin farko bayan an dawo daga hutun ƙarshen shekara.

Mutum biyu suka fito. Akwai Gwadabe magini, wanda in ka gaishe shi da hantsi sai azahar amsa za ta iso. Sai kuma Malam Kolo, masinja a wata firamare, mai kaɗa ƙararrawa da share ofishin hedimasta, wanda in yana magana a majalisa "mu ma'aikatan ilimi" yake cewa. Kakanninsa daga Borno suka zo da allo da tawada. Shi abin da ya gada a cikin ilimin nan murya ce, kuma ya riƙe gadon da kyau.

Kolo ya duba ya ga maza sun san shi, saboda haka ba shi da rabo a wurinsu. Amma a shekarar ne mata suka fara jefa ƙuri'a, tsofaffin unguwa sun ɗanɗana sun ji daɗi, sun rantse wannan layin ma da su za a yi. Kusan kowace tsohuwa kuwa tana da ɗa ko jika a Ikko, wani fawa, wani dako, wani gadi. Ga shi kuma hutun nan Kolo zai je can wurin yayarsa, Ya Falmata, wadda ke aure a Agege, shekara goma sha ɗaya tana aiko masa ya zo ya ga ɗaki. Nan dabara ta faɗo masa.

Wata safiya ana ɗari mai tsaga leɓe, muna kewaye da wutar mai shayi, kowa ya cusa hannu a hamata, sai Kolo ya yi tsaki.

"Wai wannan kuke kira sanyi? Allah Sarki, ƙauyanci ba sai a ƙauye ba. Kai Gwadabe, ina ya fi ko'ina sanyi a unguwar nan?"

Gwadabe ya yi shiru har muka zaci ya yi barci, sannan ya ce, "Bakin kududdufi."

"Madalla. Kududdufin da ake jefa dutse ya tsallake. To ina ga teku, ruwan da ba a ganin gaɓarsa?"

Maganar ta ɗan yi kama da hankali, shi ne haɗarinta.

"Ban gama ba. Ni kullum sai na goge taswirar ƙasar nan a ofis. Kano tana sama, Ikko tana can gindi. Sanyi kuwa abu ne mai nauyi, gangarawa yake yi. Wanda muke ji a nan wucewa kawai yake, can yake sauka ya kwana."

"Ni dai na ji direbobi na cewa gumi ake yi," in ji Gwadabe.

"Direba a kan inji yake zaune, ina ya san sanyi?"

"Yaranmu na can ba su taɓa faɗa ba."

"Ɗan kirki yana tayar wa uwarsa hankali? Cijewa suke yi, Gwadabe. Suna can suna kakkarwa, mu muna nan muna shan shayi."

'Yardada mai ƙosai tana gefe tana ji. Ɗanta ɗaya ne a duniya, Salihu, mahauci a Agege. Ta saki matsami a cikin mai, ta dafe ƙirji. "Malam Kolo, Salihuna da riga ɗaya ya tafi!"

"Kwantar da hankalinki, Inna. Shi shugabanci ai tun kafin zaɓe ake fara shi. Duk mai saƙon kayan sanyi ta kawo, da hannuna zan lulluɓe mata ɗanta."

Kafin la'asar labari ya zaga Soron Ɗinki ya leƙa Gwale. Tsofaffi suka dinga zuwa da sallahu, kuma ba sabo suka sayo ba, wanda suke rufa da shi suka yaye daga kan gado. 'Yardada ta kawo bargon Makka, tsarabar marigayi mijinta, mai hoton damisa. Da aka gama tarawa bargo ashirin da uku ne. Kolo ya ƙara da tasa tsarabar: kaskon jin wuta, buhun gawayi, man kaɗe don kaushi, da ƙullin citta da kanumfari.

Matarsa Dije ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon tulin.

"Malam, ka taɓa zuwa Ikkon nan kuwa?"

"Wanda ya goge taswira shekara tara ai ya fi wanda ya je."

"To tsofaffin nan da me za su rufa?"

"Da farin cikin 'ya'yansu sun ji ɗumi."

"Allah Ya sa yana da kauri," in ji Dije, ta koma madafa.

Ranar tafiya ya sa singileti, ya sa suwaita biyu, ya ɗora kwat ɗin da hedimasta ya gaji da shi, ya zura babbar riga a kai, ga safa biyu, ga hular sanyi mai rufe kunne, ya naɗe wuya da mayafi. Da ƙyar ya shiga ƙofar jirgin ƙasa, sai da aka tura. Kafin a kai Zariya duk taragon nan ya ji darasin taswira. Wani dattijo mai fataucin shanu ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "Malam, karon farko ne?"

"Karon farko da ƙafa."

"To Allah Ya kai mu. Gani ya kori ji."

Kashegari da jirgi ya haye gadar Jebba, mutane suka fara tuɓe riguna. Iska ta yi nauyi ta yi danshi kamar numfashin saniya. Kolo yana zaune gumi na bin gemunsa yana ɗiga a kan kwat.

"Malam, ko za ka rage kaya?" in ji mai shanu.

"Wannan ai zafin bankwana ne. Haka sanyi yake yi, sai ya yaudare ka ka tuɓe sannan ya kama ka."

A Ibadan ya daina magana, abin da ba a taɓa gani ba tun da aka yaye shi.

Da suka sauka a Agege da tsakar rana, matan da ke tallan lemo suka ga wani abu mai faɗi, ba wuya, ba kunne, yana tafe yana tururi, ga masu dako uku a bayansa da ƙunshi. Suka zaci dodon Yarbawa ne ya fito ba lokacinsa ba, suka kwashe farantai suka watse. Wata ma har ta durƙusa ta miƙa masa ayaba.

Ya Falmata tana tsakar gida da ɗaurin ƙirji tana fifita da mafici. Ta daɗe tana kallonsa.

"Kolo? Masassara kake, ko jifa aka yi maka?"

"Lafiya lau, Yaya. Shiri ne."

"Shirin me?"

"Sanyin bakin teku."

Ta juya ta ƙwala wa mijinta kira. "Alhaji! Fito ka ga abin da gidanmu ya aiko!"

Alhaji Bukar mai goro mutum ne mai kawaici. Ya fito da singileti, ya gaisa da surukinsa, ya dubi kasko, ya dubi buhun gawayi, ya ce, "Sannu da ɗawainiya. Gawayin dai za mu gasa masara." Ya koma ciki, muka ji labari daga baya cewa matashi ya cusa a baki don kada a ji dariyarsa.

Da an ce Kolo ya tuɓe ya sha ruwa ya yi dariya tare da su, da labarin ya ƙare a nan, da ni ma ban sami abin faɗa ba. Amma akwai kujera a gaba, akwai ƙuri'a ashirin da uku a ƙulle cikin igiya. Ya ce sanyin yana nan tafe, bai gama gangarowa ba ne, ai shi ma a hanya ya wuce shi. Da yamma ya hura kasko a ɗakin baƙi don ya nuna wa Falmata yadda ake yi. Maƙwabta suka ga hayaƙi ta taga, suka zo da bokitai, suka kashe kasko, suka kashe katifa, suka jiƙa shi har safa. Shi ne karo na farko da ya ji daɗin garin, amma bai faɗa ba.

Kwana uku yana yawon rabon bargo. Ya je Idi-Araba, ya je Obalande, yana bin kwatance. Wani ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Wani ya ce a mayar. Wani mai gadi ya karɓa da ladabi, ya ce zai shimfiɗa wa karen mai gidansa, Kolo ya fizge abinsa. A mayanka ya sami Salihu, ba riga, gumi na tsiyaya, yana fiɗa. Salihu ya goge hannu ya buɗe ƙunshi, ya ga damisa. Bai yi dariya ba.

"Baba Kolo, wannan ai bargon Inna ne."

"Shi ne. Ta ce ka lulluɓa har kai."

"To ita da me take rufa?"

"Ka san tsofaffi, jininsu... ai suna da zannuwa."

"A ɗarin Kano? Da zani?"

"Kai yaro, kyauta aka aiko maka ko tambayoyi?"

Salihu ya ninke bargon ya mayar masa. "Ajiye mini a gidan Hajiya Falmata. Zan zo."

A rana ta huɗu Kolo ya gano inda kuskuren yake. Agege, in ji shi, ta yi nisa da ruwa. Ainihin sanyin yana gaɓa. Alhaji Bukar, wanda bai taɓa samun nishaɗi irin na makon nan ba, ya ce shi da kansa zai kai shi. Suka loda barguna a a-kori-kurar da ke ɗaukar goro, don Kolo ya ce lalle akwai masu bukata a can, suka nufi bakin teku.

Mutane fal, lokacin hutu ne, kowa da ɗan kamfai, wasu na hawan doki, wasu na gasa kifi. Kolo ya sauko cikin kwat, ya yafa bargo, ya tsaya. Ya taɓa ganin dam ɗin Tiga, ya ɗauka ya ga ruwa. Wannan kuwa ruwa ne mai tafiya, ya zo ya koma, yana gurnani.

"Wa yake turo shi?" ya tambaya a hankali.

"Mai shi," in ji Alhaji Bukar. "Kada ka matsa."

"Haba Alhaji. Ni da na yi iyo a kududdufin Gwale har sau biyu?"

Ya sa aka jibge barguna a kan rairayi mai laima, wai nan ne fagen rabo, ya matsa gaba yana miƙa hannu ya ji ko sanyin ya iso. Iska ta ɗan kaɗa. Ya waiwayo da murna.

"Kun ji ko! Na faɗa muku! Ga shi nan ya fa..."

Igiyar ruwa ta zo ta bayansa, tsayinta ya kai katangar gidan mai unguwa, ta ɗauke shi da sauran maganar. Bargo ya sha ruwa, kwat ya sha, suwaita biyu suka sha, Malam Kolo ya zama nauyin buhun gero uku. Ruwa ya mirgina shi ya tofar, ya dawo ya sake ɗauka, ya bi ta kan tulin barguna ya shanye su. Masunta huɗu ne suka jawo shi kamar taru, suna magana da yarensu, ɗaya yana tambayar Alhaji Bukar ko mahaukacin nasu ne. Aka tsamo bargo ashirin da biyu. Ɗaya ya tafi ƙasashen waje.

A Kano in ka shanya bargo da safe, azahar ya bushe ƙayau. A Ikko shanya addu'a ce kawai. Kwana shida barguna na kan igiya, kullum sun fi jiya danshi, har suka yi fumfuna, suka fara wari irin na kasuwar kifi. Shi kuwa Kolo jikinsa ya feso da ƙurajen zafi tun daga ƙeya har ƙugu. Falmata tana barbaɗa masa hoda tana faɗa.

"Ka kwashi kayan mutane ka mayar musu, ka ce ka yi kuskure. Ba a mutuwa."

"Yaya, ba ki san siyasa ba. Ɗan takara ba ya kuskure."

"To me yake yi?"

"Bayani."

Ranar komawa ya tura barguna ƙarƙashin gadon baƙi, ya ja zanin gado ya rufe, ya yi sallama, ya hau jirgi da ɗan ƙullin kwakwa.

Ya iso Kano ana saura kwana biyu zaɓe, ya tarar ɗari ya ƙaru, tsofaffin unguwa kowace na tari, wasu da buhun algarara suke rufa. Suka cika zaurensa.

"Malam Kolo, yaya yaran? Sanyin da sauƙi?"

"Sauƙi? Inna, ku gode wa Allah. Kunu in aka zuba a kofi, kafin ka kai baki sai ka sa wuƙa. Na ga kifi da idona ya fito gaɓa yana neman inda ake jin wuta."

"Wayyo! Salihuna ya karɓa?"

"Ya rungume shi yana hawaye. Ya ce in gaya miki ki tsaya a bayan wanda ya kawo."

Dije na daga ciki tana jin yadda yake goga bayansa a jikin bango kamar jaki. Da suka watse ta ce, "Malam, wannan ƙurajen fa?"

"Ƙurajen sanyi ne. Sai wanda ya je teku yake yin su."

Ranar Asabar bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan mai unguwa. Gwadabe ya yi jawabinsa, kalma bakwai: "In kun zaɓe ni, zan yashe kwata." Kolo ya miƙe cikin kwat ɗinsa da ya motse, ya fara daga taswira. Yana magana yana susa. Ya sosa wuya, ya sosa hamata, ya karɓi sandar wani makaho ya zura ta baya. Tsofaffi ashirin da uku suna gaba suna gyaɗa kai, wasu na share hawaye. Wallahi kujerar nan ta kusa zama tasa, har Gwadabe ya fara naɗe tabarmarsa.

Sai ga kurar 'yan dako ta shawo kwanar lungu, an ɗaure mata kaya har sama. Warin ne ya fara isowa. A bayanta wani saurayi ne da 'yar riga shara-shara, haƙoransa na haɗuwa.

"Salihu!" 'Yardada ta miƙe. "Ɗan nan, ina bargon? Ka fito haka daga cikin wannan sanyi?"

"Inna, ni tun da na bar garin nan ban ji sanyi ba sai da na sauka a tasha yau. Can ko zani ba ma rufa. Hajiya Falmata ce ta gano su a ƙarƙashin gado, wari ya tone su. Ta ce a gaishe ku, a kuma ba ku haƙuri, wai tun yana yaro haka yake."

Aka kwance igiya. Barguna suka zube, kore-kore, fari-fari, wani har da ɗan kaguwa a ciki. 'Yardada ta ɗaga nata. Damisar ta yi gemu.

"Kolo," ta ce, ba Malam, "mako uku ina kwana a kan tokar murhu."

"Inna, a yi mini adalci. Bana ne sanyin ya makara. Sauyin gwamnati ne, komai sai a hankali..."

"Kifin da ke jin wuta fa?" wani ya jefo daga baya.

"Gasa shi ake yi," in ji Salihu.

"Ina nawa?" wata tsohuwa ta tambaya tana tona tuli. "Mai ratsin ja?"

"Hajiya, naki ya... ya ci gaba."

Mai unguwa ya ga abin zai koma dambe, ya ce a yi layi. Gwadabe ya tsaya nan, Kolo ya tsaya can, aka ce kowa ya bi nasa. Kolo bai waiwaya ba, ya ƙura wa yamma ido kamar mai jiran wata. Yana jin takun mutane suna wucewa, suna wucewa. Can sai ya ji numfashin mutum a ƙeyarsa. Ya ɗan saki rai. Ko ba komai, ba a ce babu ba.

Mai ƙirga ya gama da layin Gwadabe, wanda ya kai har bakin masallaci ya lanƙwasa. Ya zo wannan ɓangaren ya ɗaga murya: "Malam Kolo, mutum ɗaya!"

Kolo ya juya don ya ga masoyinsa. Musa wanzami ne, ya ɗage masa kwalar kwat da yatsa biyu yana leƙawa.

"A'a, kada ka rubuta ni," in ji Musa. "Ni na Gwadabe ne. Ƙurajen nan na tsaya dubawa. Shekara talatin ina aski, ban taɓa ganin ƙurajen zafi a tsakiyar ɗari ba. Malam, ka zo gobe da safe in yi maka ƙaho."